Katin Inna a Baƙar Taga

Abu ɗaya tak Inna ta bar mini wanda zan kalla da idona in ji da kunnena. Wani ɗan guntun fim ne da na ɗauke ta da ƙaramar salulata a gonarta ta Jiratawa, shekarar ƙarshe da ta yi da ƙarfinta. Tana tsaye cikin zogale, ya kusa rufe ta, tana tsinkar ganye tana zubawa a buhu, ruwan kanal na ban-ruwa yana wucewa ta bayanta. Ba ta san ina ɗauka ba sai can ta juyo ta ce, "Ke, aje abin nan ki zo ki riƙe mini bakin buhu." Na ƙi ajewa. Ta yi mini daƙuwa, ta yi dariya, sannan ta ɗaga hannu ta sa mini albarka, ni da ƴaƴana, tana kiransu da sunayen da ita kaɗai take kiransu da su. Iyakarsa ke nan.

Fim ɗin yana cikin katin memwar na salular, ɗan abin nan da bai kai farcen yatsa ba. Bayan rasuwarta, in na gama shara gida ya yi tsit, sai in jingina salular a jikin turmi in kunna, ina aiki ana yi mini faɗa kamar da.

Da azumi ya matso, maigidana, wanda yake sayar da yadi a kasuwar Maraɗi, ya ce in ba shi katin ya kai wa mai tura a zuba mana karatu da tafsiri mu riƙa saurare da hantsi. Na ciro na miƙa masa, na ce, "Malam, Inna tana ciki fa." Ya ce ya sani, ƙarawa za a yi, ba ragewa ba.

Ya dawo da la'asar yana murna. "Ga shi an cika mana. Har gyara mai turar ya yi mini."

A garinmu ba a ƙin gyara. Mai tumatir in ta auna miki sai ta ɗora ƴan biyu a kai, mai goro ya ƙara ɗan tsagi. In kin ce ba ki so kin ci fuskar mai kaya, kuma ba a tsayawa tambayar me aka ƙara, godiya ake yi a wuce. Shi ya sa ni ma ban tambaya ba. Na sa katin a salula na buɗe. Ba karatu, ba tafsiri, ba Inna. Na cire, na hura, na mayar. Na kashe salular na kunna. Wayam.

Da safe na ce sai mu koma tare, ƙafata ƙafarsa.

Mai tura shi ne wanda yake zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da wa'azi daga ordinatarsa, wato kwamfuta, zuwa katinsu. Ban taɓa shiga irin shagon ba sai ranar. Wata ƴar rumfar kwano ce kusa da tashar mota, an jingina ta da bango inda maza suke tsugunawa, zarnin yana tarbar mutum tun daga titi. Mai shagon magidanci ne da tumbinsa, yana zaune da ledar awara a cinya, yana dangwalar yaji yana kaiwa baka, da hannun nan kuma yake danna maɓallan ordinatar. Maɓallan sun yi baƙi sun yi ƙyalli, haruffan duk sun goge, tsakaninsu cike da ɓarɓashin abin da aka ci tun bara. Na ga ƴan ƙananan kyankyasai suna fitowa ta inda na'urar take fitar da iska, suna zagawa suna komawa kamar gidan ubansu. A ƙarƙashin tebur akwai wata gora da ruwa rawaya a ciki. Na kau da ido, ban so in san ko mene ne ba, ko da yake na sani.

Maigidana ya yi masa bayani. Mai shagon ya miƙo hannu mai maiƙo ya karɓi katin, da yake kuma ramin da ake sawa akwai na wani a ciki, sai ya ɗora nawa tsakanin leɓɓansa ya riƙe, kamar yadda tela yake riƙe allura. Inna a bakinsa, cikin yawu da yaji. Haka ya yi ta magana da shi a baki.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, birus ne, cutar na'ura. Kowa shi ka damu bana. Ina da maganinshi, dannawa guda. Tsaya ki gani, ga na wanga bawan Allah."

Wani ɗan kabu-kabu ne a gabanmu, shi ma kayansa sun ɓace. Mai tura ya taɓa wani ɗan hoto a fuskar ordinatar. Wata baƙar taga ta buɗe ta rufe, ko ƙiftawa ban gama ba.

"An share. Hungo."

Ɗan kabu-kabun ya sa a salularsa, ya duba, ya sake dubawa. "To ina hotunan sunan ɗana?"

"Ba kai ka ce a share ba?"

"Birus na ce ka share, ban ce ka share mini iyali ba, ɗan banza!"

"To shi maganin ido gare shi? In ya shiga ba ya tambaya. Ka sake wani sunan, in zo in ci tuwo in ɗaukar maka sabbi."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Ni kuwa na juya wurin maigidana. Na ce, "Malam, karɓo mini katina."

"Ki bari ya gwada mana, tunda mun zo."

Ban taɓa ɗaga wa mijina murya a gaban mutane ba sai ranar. "Karɓo shi daga bakinshi!"

Katin ya fito a jiƙe. Na tara gefen hijabina aka saka mini, na ƙulle, nan take kuma na yi da-na-sanin tarawar, don hijabin sallata ne. Muna juyawa mai turar ya kashe wa maigidana ido ya ce, "Alhaji, ka dai samu ganin gyaran nan? Na manya ne." Maigidana ya ce bai samu ba tukuna, Allah ya saka da alheri. Ƴan benci suka sake wata dariya, iri dabam da ta farko. A lokacin ban gane ta ba. Na dai koma gida na jiƙa hijabin a omo, na yi ta cuɗar gefen nan har yatsuna suka yi fari.

Ƙawata ce ta faɗo mini a rai. Tun kwaleji bencinmu ɗaya. Bagobira ce ƴar Tsibiri, Kirista, yanzu tana koyar da aikin ordinatar a wata lekol, makarantar boko. Muna yara takan bi ni Jiratawa hutu, Inna ta cika mata ciki da kwaɗon zogale, tana ce mata "ɗiyata ta Lahadi", don duk daɗin hira ranar Lahadi sai ta koma. Ranar Asabar na nemi izini, na shiga mota na tafi.

Na tarar da ita tana wankin kayan yara. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. Bakatsina a Tsibiri? Halan wani abu ya ɓaci, shi ya sa kinka tuna hanya."

"Ke dai Bagobira ba ki iya sannu da zuwa ba. Ba ni ruwa tukuna."

Na sha, na kwance mata labari. Da na zo wurin baki da yawu sai ta yamutse fuska ta tofar. Ta ɗauko auduga da wata ƴar kwalba ta goge katin.

Na ce, "Mi ne ne wannan?"

"Alkol."

"Giya kika shafa wa karatu?"

"Na likita ne, malama. Da shi da yawun wancan ƙato, zaɓi guda."

Na ƙyale ta, don ta fi ni gaskiya.

Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta ɗora ordinatarta a kan ƴar kujera, ta sa katin. Ta ce tata tana da kariya, kada in ji tsoro. Ta ce irin wannan birus ba ya cinye kaya, lulluɓe su yake yi har ido ya daina ganinsu, saboda haka mai yiwuwa Inna tana nan. Mai yiwuwa, ta ce, ba ta ce tabbas ba. Sannan ta nuna mini abin da mai tura yake kira magani. Ashe ba wani asiri ba ne. Umarni ne ake rubutawa layi-layi a cikin ɗan fishiye, wato fayil, in an taɓa shi sai ordinatar ta buɗe baƙar tagar nan, ta bi umarnin daga sama har ƙasa ba tsayawa, ta rufe. Wanda ya rubuta na mai tura share kawai ya sani.

Ta rubuta nata a gabana, gajere. Layin farko ya ce a shiga katin, na biyu ya ce a yaye lulluɓin. Ta taɓa. Baƙar tagar ta buɗe ta rufe, daidai yadda ta yi a shagon.

Na dafe ƙirji na yi ihu. "Kin share ta!"

"Wayyo, yi haƙuri ƙawa, mantuwa na yi. Ba abin da anka share." Ta koma ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, ƴan haruffa ne, har yau ina ganinsu: cmd /k. "Wanga layi shi ka ce mata, in kin ƙare aikin kada ki tahi, tsaya ki ji abin da mai gida za ta ce."

Ta sake taɓawa. Tagar ta buɗe, ta tsaya. Baƙa ƙirin, ba hoto ba ado, sai harafi ɗaya a kusurwa, da ƴar alama kamar bakin kibiya, da wani ɗan farin layi yana ƙiftawa yana jira. Ni mai girki ce, na san bambancin a sheƙe wake a iska da a zauna a tsince shi a faifai. Wannan zama ne na tsinta.

"Matso," in ji ta. "Rubuta dir, ki danna babban maɓallin can. Za ta hwaɗa miki duk abin da ke ciki."

Na rubuta da yatsa ɗaya. Sunaye suka zubo, farare a kan baƙi. Na ga sunayen surori, na ce alhamdu lillahi. Sannan na ga abin da yake tsakaninsu.

Ƙawata ta karanta ɗaya, ta karanta na biyu. Ba ta dube ni ba. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Bari in duba miya." Na san ba ta ɗora komai ba. Kunyar abin da mijina ya kawo ta ji, ta bar mini zauren. Ban taɓa gode mata da baki a kan wannan ba, amma ban manta ba.

Faransancin da na koya a lekol, da shi nake karanta takardar magani da sakamakon yara. Ranar na so a ce ban taɓa zama a aji ba. Wasu sunayen da Faransanci, wasu da Hausa tsirara, kalmomin da ko a faɗan bakin famfo ban ji mace ta furta ba. Ga sura a sama, ga sura a ƙasa, ga wannan a tsakiya. Wannan ne gyaran. Wannan ne abin dariyar ƴan benci. Kuma a cikin wannan juji, in Allah ya sa tana nan, uwata take tsaye da buhunta.

Ƙawata ta ɗago murya daga madafa. "Akwai umarni guda da zai kwashe duk wani fim da ke ciki lokaci ɗaya, ki huta."

Na ce, "Inna ma fim ce."

Can ta ce, "To sai da hannu, ƙawa. Rubuta del, ki ba da hili, ki rubuta sunan. In kin sa haruffan farko, danna maɓallin gefen hagu mai kibiya biyu, zai ƙarasa miki, ba sai kin rubuta duka ba."

Haka na zauna. In nemi tsari, in rubuta farkon ƙazanta da yatsan da nake jan carbi, tagar ta ƙarasa mini sauran ɓaro-ɓaro a gaban idona, in duba da kyau ba sura ba ce, in danna. Ba ta gardama, ba ta gaggawa. Ta share wanda na ce, ta dawo da ɗan layinta tana jira. Maɓallan ƙawata fes suke, amma bayan kowane suna sai na ga ina goge yatsa a zane. Yawu ya yi ta taruwa mini a baki, ba inda zan tofar.

Da na gama da masu suna, na sake rubuta dir. Surori da tafsiri suna nan. Fim ya rage biyu, kuma dukansu ba su da suna sai lambobi, irin wanda salula take sawa da kanta. Na duba kwanan watan da ke gefensu, dukansu tsofaffi ne. Ɗaya zai iya zama Inna. Zai yiwu kuma babu ita a ciki sam.

Na faɗa wa ƙawata. Ta ce, "Ba dabara, sai kin buɗe. Rubuta sunan kawai ki danna."

Na zaɓi na sama, na yi bisimilla.

Sautin ne ya riga hoton fitowa. Ya cika zauren mutane, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Idona ya ga abin da ya gani kafin hannuna ya kai, na kifa murfin ordinatar da ƙarfin da na ji tsoron na fasa. Ban san lokacin da na kai bayan ɗaki ba. Na durƙusa a bakin makwarara, kokon da na sha da safe ya dawo duka. Bisimillar da na yi ita ta fi ci mini rai.

Ƙawata ta kawo buta ta aje kusa da ni. Na kurkure baki, na wanke fuska, na ga abin bai ishe ni ba, sai na yi alwala cikakkiya. Da na dawo ta riga ta juya ordinatar ta fuskanci bango, ta kashe fim ɗin ba tare da ta kalla ba.

Ta ce, "Bari in buɗe miki na ƙarshen. In ba ita ba ce, ba sai kin gani ba."

Na ce, "A'a. In ita ce, ni zan fara ganinta."

Ta juyo mini da fuskar. Baƙar tagar tana nan inda na bar ta, ɗan layin yana ƙiftawa. Na share wancan. Na rubuta lambobin na ƙarshen da kaina, ɗaya bayan ɗaya, ban bari a ƙarasa mini ba. Wannan karon ban yi bisimilla da baki ba, tsoro nake ji. Na danna.

Kore. Ganye ko'ina, da ƙarar ruwan kanal.

"Ke, aje abin nan ki zo ki riƙe mini bakin buhu."

Ƙawata ta zube a tabarma kusa da ni. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Da Inna ta yi daƙuwar nan sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta ce, "Ni ma ta sha yi mini ita." Muka kalla har inda take sa albarka, muka shafa tare, kowa da yadda take shafawa. Sannan ta faɗa mini umarnin kwafa, na rubuta, aka ajiye Inna a ordinatarta, aka kuma sa mini ita a wani sabon kati da ta ɓare daga leda a gabana, ita kaɗai, ba kowa tare da ita.

Da na dawo Maraɗi na bari maigidana ya ci abinci, yara suka fita. Na ce, "Malam, ka san gyaran da aka yi maka?" Na faɗa masa a taƙaice, iyakar abin da bakina zai iya. Ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Kuma har na ce mishi Allah ya saka da alheri. A gabanki." Na yarda bai sani ba. Mutumin da ko rage ƙarar salula sai ya miƙo mini.

Washegari ya je shagon da fushinsa, ya dawo jikinsa a sanyaye. Wai mai turar ko kunya bai ji ba, cewa ya yi, "Alhaji, kowa ina sa mishi, kuma ba wanda ya taɓa maido mini." Wannan maganar ta fi gorar ƙarƙashin tebur tayar mini da zuciya. Azumin nan duka, in na ga dattijo a bakin shago da salula a kunne karatu yana tashi, sai in kau da kai, in kuma nemi gafarar zargin da ban so yi ba.

Tsohon katin ya kwana biyu a kan taga, na rasa yadda zan yi da shi. Ba na jefa shi a shara, ya ɗauki karatu. Ba na mayar da shi salulata, na san bakin da ya shiga da abin da ya kwana a cikinsa. Ranar da na gama tuyar ƙosan buɗa-baki, na ɗauke shi da tsinke na sa a garwashi. Ya lanƙwashe, ya yi wani wari mai kama maƙogwaro. Na kwashe tokar na binne a gindin katanga.

Inna ta dawo, amma ba yadda ta tafi ba. Na daɗe in na kai yatsa zan kunna ta sai wancan sautin ya riga ta zuwa kunnena, in ajiye salular in tashi. Wannan shi ne abin da mutumin nan ya ɗauke mini, kuma ba umarnin da ƙawata za ta rubuta ya share shi.

Sai wata rana bayan salla ƙanena ya aiko mini da zogale daga gonar. Na zazzage shi a faifai, ƙanshin ɗanyen ganye ya tashi, hannuwana duka biyu suna ciki. Na sa gwiwar hannu na danna salular a jikin turmi. Ruwan kanal ya fara, ba abin da ya riga shi. Ta juyo ta ce in aje abin nan in zo in riƙe mata bakin buhu.

Na ce, "To, Inna," na ci gaba da tsinka.